Baƙo a Bakin Jarida

[Taken shiri, sannan a sassauta kiɗa]

 Ina gaida mutanen Kakuri da Makera, da na Barnawa da Narayi, da Television da Sabon Tasha har Gonin Gora, da kuma 'yan'uwanmu na ƙetaren gada duk inda muryata ta kai. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da aiki. Masu keke da 'yan acaɓa, Allah ya tsare hanya.

Yau tafiya za mu yi mai nisa, zuwa Turai ta zamanin kakanninmu, mu ga abin da jaridu suka riƙa rubutawa a kan Yahudawa lokacin da suke gudun ceton rai suna ƙwanƙwasa ƙofofin ƙasashe. Na san akwai wanda da jin kalmar Yahudawa ya miƙa hannu zai murɗa rediyo, don zuciyarsa tana Gaza. Malam, dakata tukuna. Sukar abin da gwamnatin Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa haƙƙinka ne, har cikin Yahudawan ma akwai masu yin wannan suka da babbar murya. Amma mutanen da zan ba ka labarinsu teloli ne da likitoci da 'yan makaranta, kuma an kore su daga gidajensu tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Laifin da aka kama su da shi kawai shi ne gidan da aka haife su. Mu da ke zaune a garin nan na Kaduna mun san irin wannan laifi, ba sai an yi mana fassara ba.

Bari mu fara da wani gari da ake kira Kishinev. Yau shi ne babban birnin Moldova, amma a lokacin yana ƙarƙashin sarkin Rasha. A farkon 1903 aka tsinci gawar wani yaro Kirista a wani gari da ke kusa. Akwai jarida a Kishinev mai suna Bessarabets, mai ita ana ce masa Krushevan. Sai ta shiga yaɗa cewa Yahudawa ne suka kashe yaron don su yi amfani da jininsa a ibadarsu. Tsohuwar ƙarya ce wannan, ta yi ɗaruruwan shekaru tana yawo a Turai. Daga baya bincike ya nuna wani ɗan'uwan yaron ne ya kashe shi. Amma magana zarar bunu ce. A bikin Ista na watan Afrilu mutanen gari suka faɗa wa unguwannin Yahudawa kwana biyu, aka kashe mutum 49, aka farfasa ɗaruruwan gidaje da shaguna.

Wannan Krushevan ɗin bai tsaya nan ba. A shekarar dai, a wata jaridarsa ta birnin Fitasbug, ya buga wani rubutu da aka ce wai bayanan taron sirri ne na dattawan Yahudawa, inda suka tsara yadda za su mallaki duniya. Ku riƙe wannan rubutu a ranku, don har yau bai mutu ba. A watan Mayu na 1920 jaridar The Times ta Landan, wadda ake ganin babu mai mutuncinta a Ingila, ta yi sharhi a kansa tana tambaya ko gaskiya ne. Tambaya kawai ta yi, amma tambayar babba ai rabin shaida ce a kunnen talaka. Sai a watan Agusta na 1921 wakilinta a Istanbul, Philip Graves, ya gano tushen abin. Ashe daga littafin wani lauya Bafaranshe, Maurice Joly, aka kwafe shi. Joly ya rubuta nasa a 1864 yana zambo ga sarkin Faransa na lokacin, kuma babu ruwan littafinsa da Yahudawa ko kaɗan. Maƙirƙiran sun ɗebi sakin layi bayan sakin layi, suka sauya suna kawai. The Times ta buga wannan tonon silili kwana uku a jere. Duk da haka attajirin motocin nan na Amurka, Henry Ford, ya ci gaba da tallata ƙaryar a jaridarsa Dearborn Independent, wadda ake rabawa a shagunan sayar da motocinsa, sai a 1927 ya ba da haƙuri. Idan wani ya turo maka wannan rubutu ta WhatsApp da sunan asirin da aka ɓoye, ka sani an tone shi fiye da shekara 100 da suka wuce.

To, hare-hare irin na Kishinev su suka tayar da Yahudawan gabashin Turai. Daga 1881 zuwa 1914 sama da miliyan 2 suka bar yankin. Akasari Amurka suka nufa, wasu sama da 100,000 suka sauka a Ingila, da yawa a unguwannin talakawa na gabashin Landan. A nan ne nake so ku kasa kunne sosai, don daga nan salon magana ya sauya.

Jaridun Ingila ba su ce a kashe kowa ba. Da ladabinsu suka yi magana. Suka ce baƙin nan sun sa kuɗin haya ya tashi. Suka ce suna karɓar ƙaramin lada suna karya wa ɗan ƙasa kasuwa. Suka ce da cuta suke zuwa. A watan Fabrairu na 1900 wani jirgin ruwa ya iso Ingila da Yahudawan da suka tsere wa yaƙi a Afirka ta Kudu, sai Daily Mail ta kwatanta su da 'yan gudun hijirar ƙarya, masu ɓoye kuɗi a jiki suna kukan talauci. Ana haka ana haka, a 1905 majalisa ta yi dokar taƙaita shigowar baƙi, irinta ta farko a Ingilar zamani. Amurka ta yi tata mai tsanani a 1924, ta yanka wa kowace ƙasa adadin mutanen da za a karɓa a shekara.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan jaridu da 'yan gudun hijirar Yahudawa.

Hitila ya hau mulkin Jamus a watan Janairu na 1933. A 1935 aka yi dokokin da suka tuɓe wa Yahudawa rigar 'yan ƙasa, aka hana auratayya da su. A watan Maris na 1938 ya haɗiye Ostiriya. A cikin Jamus akwai jarida mai suna Der Stürmer, ta wani Julius Streicher, wadda tun 1923 ba ta da aiki sai zanen Yahudawa a siffar macizai da masu shan jini. Ana manna ta a akwatunan gilashi a bakin titi, yaro mai zuwa makaranta ma sai ya gani. Wannan kam kowa ya san guba ce, ba za mu daɗe a kanta ba.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne ƙasashen da ake gudu zuwa cikinsu. A watan Yuli na 1938 ƙasashe 32 suka taru a garin Evian na Faransa don duba batun. Kowane wakili ya tashi ya jajanta, sannan ya kawo dalilin da ya sa ƙasarsa ba ta da wuri. Na Ostareliya cewa ya yi su ba su da rikicin ƙabilanci, kuma ba sa son su sayo shi daga waje. Ƙaramar ƙasar Jamhuriyar Dominikan ce kaɗai ta yi tayin karɓar mutane da yawa. Jaridar jam'iyyar Hitila ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kun gani, babu mai son su.

Wata guda bayan taron, ran 20 ga Agusta, Daily Mail ta buga labari da kanun cewa Yahudawan Jamus na kwarara cikin ƙasa. Kwarara. Ku ji kalmar da kyau. Mu da muke zaune a bakin kogin Kaduna mun san abin da ke kwarara. Wanda ya ga ambaliya ta ci gidaje a Barnawa ko Kigo ya san ba a yi wa ruwa sannu da zuwa, ba a tambayarsa ya hanya, buhunan yashi ake jera masa. Da zarar jarida ta mai da mutane ruwa, ta gama gaya wa mai karatu abin da zai yi da su, ba tare da ta zagi kowa ba. Alhali labarin da ke ƙarƙashin wannan kanu na wasu 'yan tsirarun mutane ne da aka gurfanar gaban wani alƙali a Landan don sun shigo ba takarda. Mai jaridar, Lord Rothermere, shi ne ya rubuta sharhin yabon 'yan baƙar riga masu ra'ayin Hitila a Ingila a watan Janairu na 1934.

Ƙungiyoyin likitocin Ingila ma suka shiga sahu. Gwamnati ta so karɓar likitoci 500 daga Ostiriya, suka tsaya kai da fata sai da aka mai da su 50. Shi kuwa ministan cikin gida, Samuel Hoare, ya shaida wa majalisa cewa 'yan gudun hijira 11,000 da suka zauna a ƙasar sun samar wa 'yan Ingila 15,000 aikin yi. Wannan lissafi bai yi farin jini irin na kwarara ba. Kuma bari in yi ɗan ratse. Duk wanda aka taɓa yi wa allurar penisilin a cikinku, akwai hannun ɗan gudun hijira a ciki. Ernst Chain Bayahude ne da ya tsere daga Balin a 1933, yana cikin mutum ukun da aka ba lambar Nobel a 1945 saboda wannan magani. Ban kawo shi don in ce sai mai amfani ya cancanci mafaka ba. Tsohuwar da ba ta iya komai ba sai renon jikoki ita ma rai gare ta.

Daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙone ɗaruruwan wuraren ibadar Yahudawa a Jamus da Ostiriya, aka fasa dubban shaguna, aka kwashe maza kusan 30,000 zuwa sansanonin tsare mutane. Jaridun duniya suka yi Allah wadai a shafin farko. A Ingila tausayin ya yi ɗan tasiri, aka amince a kawo yara kusan 10,000, amma ban da iyayensu. Uwa ta kai ɗanta tashar jirgin ƙasa, ta rataya masa lamba a wuya, ta koma gida. Da yawansu rabuwar ke nan.

A Amurka kamfanin Gallup ya tambayi jama'a a watan nan na Nuwamba. Kashi 94 cikin 100 suka ce ba su yarda da abin da ake yi wa Yahudawa ba. Da aka tambaye su ko a ƙara yawan waɗanda za a karɓa, kashi 72 suka ce a'a. Ni a ganina duk labarin yau yana cikin waɗannan lambobi biyu. Mutum yana hawaye, hannunsa kuma na kan sakata. Kuma tun da rediyo nake magana, ba zan ɓoye laifin gidanmu ba. Akwai wani limamin coci a Amurka, Charles Coughlin, da miliyoyin mutane ke sauraron shirinsa duk Lahadi. Kwana goma sha ɗaya bayan wannan dare ya hau iska yana nema wa Jamus uzuri, mujallarsa kuma tana buga wancan rubutun jabu kashi-kashi.

Sai jirgin ruwan St. Louis. Ya tashi daga Hambug ran 13 ga Mayu 1939 da fasinja 937, kusan dukkansu Yahudawa, ya nufi Kyuba da takardun sauka a hannunsu. Kafin su isa, wasu manyan jaridun Habana sun riga sun zuga gari cewa 'yan kwaminis ne masu zuwa ƙwace aiki, har an yi gagarumar zanga-zanga. Aka soke takardun. Mutum ƙasa da 30 aka bari suka sauka. Jirgin ya bi gaɓar Amurka har fasinja na hango fitilun Miami da dare. Jaridun Amurka sun ba da labarin cikin tausayi, amma ƙalilan ne suka ce a buɗe musu ƙofa. Haka ya juya Turai. Ingila ta ɗauki 288, sauran aka raba su tsakanin Faransa da Beljiyam da Holan, ƙasashen da Hitila ya mamaye shekara guda bayan nan. Mutum 254 daga cikinsu suka mutu a kisan ƙare-dangin da ya ci Yahudawa miliyan 6.

Kada a ce duk jaridu kanwar ja ce. Manchester Guardian ta yi ta fallasa ta'asar Hitila tun 1933 har aka hana shigar da ita Jamus. A watan Yuni na 1942 Daily Telegraph ta ba da labarin an kashe Yahudawa 700,000 a Polan. Sai dai a shafi na biyar ta sa shi. Mu 'yan jarida mun san ma'anar wannan: inda ka ajiye labari shi ma ra'ayi ne.

Nahiyarmu ba ta kuɓuta ba. A watan Oktoba na 1936 jirgin Stuttgart ya iso Kef Tawun da Yahudawan Jamus sama da 500. Cikin malaman jami'ar da suka jagoranci adawa da saukarsu akwai Hendrik Verwoerd. Shekara ta zagayo ya zama editan jaridar Die Transvaler, ya buɗe aikinsa da doguwar maƙala a kan a taƙaita Yahudawa, kuma a 1937 ɗin aka yi dokar da ta toshe musu hanya. Wannan mutum shi ya zama firaminista a 1958, shi ake kira maginin mulkin wariyar launin fata. Alƙalamin da ya koyi aiki a kan Bayahude, a kan baƙar fata ya ƙare.

Bayan yaƙi, kotun Nuremberg ta yanke wa Streicher hukuncin kisa, aka rataye shi ran 16 ga Oktoba 1946. Bai jagoranci runduna ba, bai riƙe sansani ba. Abin da ya buga a jarida aka kama shi da shi. Irin wannan hukunci ya sake fitowa a 2003, lokacin da kotun duniya a Arusha ta ɗaure shugabannin rediyon RTLM da editan jaridar Kangura saboda kisan Ruwanda na 1994, inda aka yi ta kiran Tutsi kyankyasai.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu mu dawo gida.

Hausawa sun ɗanɗana zama baƙon da aka gaji da shi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Mutanen zango da aka haifa a Kumasi da Ankara, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba, suka sayar da kayansu a wulaƙance suka hau manyan motoci. A watan Janairu na 1983 sai muka rama. Kuɗin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, ana ɗora wa baƙi laifin fashi da rikicin Maitatsine, gwamnatin Shagari ita ma ta ba da mako biyu. Mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar nan mai ratsi-ratsi da kowace amarya ke zuba kaya a ciki, har yau sunan wannan kora take ɗauke da shi, muna faɗa muna dariya.

Wannan ɓangare namu na kudancin kogi kuwa, in ka cire Gbagyi da aka tarar, wa zai bugi ƙirji ya ce shi ba baƙo ba ne? Tashar jirgin ƙasa ta kawo wasu. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta kawo wasu, UNTL da Arewa suka biyo baya, Peugeot ta zo a 1975, matatar mai a 1980. Bakatafe da Bahaushe da Tibi da Bayarabe da Ibo suna fita aiki da jiniya ɗaya, suna haya a gida ɗaya, matansu na aron gishiri. Sai rikicin watan Fabrairu da na Mayu na 2000, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci aƙalla rai 2,000. Musulmi da yawa suka kwashe kaya suka haye arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka hayo kudu. Aka yi musayar gidaje, wasu aka sayar da su a kuɗin da bai kai na bulo ba. Har aka shiga kiran can Makka, nan Urushalima, kamar abin raha.

Sannan ga Nuwamba na 2002. Ran 16 ga wata jaridar ThisDay ta buga wata maƙala a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, da jimla ɗaya da ta taɓa martabar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba zan maimaita ta ba. Jaridar ta ba da haƙuri ba sau ɗaya ba. Ran 20 ga wata aka ƙone ofishinta na Kaduna, cikin kwana uku mutum kusan 250 suka mutu, Musulmi da Kirista. Waɗanda suka ɗauki makami su ke da alhakin jinin da suka zubar, jarida ba ta riƙe hannun kowa ba. Amma akasarin waɗanda suka mutu ba su taɓa ganin maƙalar da idonsu ba. Wata uku kacal kafin nan malaman addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna.

Tun daga nan masu gudu ba su daina zuwa ba. Bayan zaɓen 2011, waɗanda suka tsira daga Zonkwa da Matsirga sun yi shekaru a sansanin alhazai na Mando. Mutanen Kajuru da Chikun da 'yan bindiga suka tasa sun cika ɗakunan 'yan'uwa a Maraban Rido da Sabon Tasha. Ga na Birnin Gwari, ga na Zamfara, ga na Borno. Ku saurari yadda ake maganarsu a wurin mai shayi da kuma a Facebook. Sun cika mana gari. Su suka sa haya ta tashi. Wa ya san ko 'yan leƙen asirin 'yan bindiga ne? Ba mu ƙi su ba, amma me ya sa sai nan? Wanda ya saurari farkon shirin nan ya riga ya ji kowace ɗaya daga cikin waɗannan da harshen Turanci. Har ta leƙen asirin ma: a 1940 jaridun Ingila suka matsa a kulle duk wani Bajamushe, aka tsare mutum kusan 27,000, akasarinsu Yahudawan da suka gudo wa Hitila.

Ban ce haya ba ta tashi ba, ni ma ina biya. Ban ce kada jami'an tsaro su bincika wanda ya kamata a bincika ba. Abin da nake nema daga abokan aikina, da kai ɗan'uwa mai waya a hannu, don yanzu kai ma edita ne, ƙarami ne. In ɓarawo ɗaya aka kama, a ce ɓarawo, kada a kira sunan ƙabilarsa a kanun labari. In an ce dubbai sun shigo, a tambayi wanda ya ƙirga. In labarin 'yan gudun hijira za a ba da, a je a zauna da ɗaya daga cikinsu a ji sunan ƙauyensu da abin da ya bari a rumbu. Jaridar Hausa ta farko da ta yi tashe, Gaskiya Ta Fi Kwabo, a watan Janairu na 1939 aka fara ta a Zariya da Abubakar Imam, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ke yawo a lokacin cewa za a miƙa ƙasar nan ga Hitila. A shekarar da St. Louis ke yawo a teku ke nan.

Akwai kuma wata ɗabi'a a bakinmu da zan taɓo kafin lokaci ya cinye ni. In mutum ya cika wayo ko rowa, sai mu ce Bayahude ne. Yaran da ke faɗar haka akasarinsu ba su taɓa ganin Bayahude ko ɗaya ba, a bakinmu suka tsinta. Musulmi ya san sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha, Kuraishawa suka bi su da jakadu da kyaututtuka don su ɓata su a wurin Najjashi, shi kuwa sarkin, Kirista, ya ƙi yanke hukunci sai da ya kira su ya ji daga bakinsu. Kirista ya san Yusufu da Maryamu sun gudu Masar da jariri cikin dare. A 1492 ma, da aka kori Yahudawa daga Andalus, sarkin Musulmi na Istanbul, Bayazid na biyu, shi ya buɗe musu ƙasarsa, jikokinsu na can har yau.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu fita da makirufo zuwa Maraban Rido, mu zauna da iyayenmu mata da suka gudo daga Kajuru, su za su yi magana, ni saurare zan yi. Wanda ya bar gidansa a 2000 ya haye gada, ko ta nan ko ta can, kuma yana son ya ba da labarin maƙwabcin da ya bari, ƙofar wannan shiri a buɗe take. 

[Taken shiri]